Kaub, Ƙaramin Garin da Ya Riƙe Wuyan Kogin Rhine

Mutanen Kaub ba su kai dubu ɗaya ba. Garin ya maƙale ne tsakanin tsauni da ruwa a gaɓar gabas ta Kogin Rhine, a yammacin Jamus, amma duk shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci, sunansa ne a bakin manyan 'yan kasuwar Turai.

Tun fil azal mashigi ne da jirgin ruwa ba ya iya kauce wa, kuma masu mulki sun daɗe da gane haka. A 1326 Sarki Ludwig na Bavaria ya sa aka fara gina hasumiya a kan wani tsibirin dutse a tsakiyar kogin, don karɓar kuɗin fito. Daga baya aka kewaye ta da ganuwa mai tsini, har ginin ya yi kama da jirgin da ya tsaya cak. Sunansa Pfalzgrafenstein. Paparoma John na 22 ya yi tir da wannan haraji, sarki ya yi kunnen uwar shegu da shi. Haka fatake suka yi ta biya har 1867. Abin da ya fi burgewa shi ne yaƙe-yaƙen da suka rusa gidajen sarautar kwarin Rhine ba su taɓa rusa shi ba.

A kan tsauni kuma akwai gidan Gutenfels, wanda ya jure wa ƙawanya a 1504. A daren shiga 1814, Janar Blücher na Prussia ya fara tsallakar da dubban sojoji ta nan don fatattakar Napoleon, aka haɗa musu gadar kwale-kwale. Mutum-mutuminsa na tsaye a bakin ruwa.

Yau ba a karɓar ko sisi, sai dai ma'aunin ruwan Kaub ne ke yanke hukunci. Da shi matuƙa ke lissafin yawan kwal, man fetur da sinadaran da za su ɗauko daga Rotterdam zuwa kudancin Jamus da Suwizalan. A Oktoban 2018 ma'aunin ya sauka zuwa santimita 25. Jirage suka rage kaya ainun, wasu gidajen mai suka ƙafe, har gwamnatin Jamus ta buɗe rumbun man da ta tanada don ranar gaggawa.