Gyaran tsofaffin gidaje don rage zafi da hayaƙi a Zangon Kwatano

Abin da masana gini ke kira cikakken gyaran makamashi shi ne a ɗauki gidan da ake zaune a cikinsa, a sake masa rufi da tagogi da kayan wuta da murhu a tsari guda, har makamashin da yake ci ya ragu da rabi ko fiye, maimakon a sauya ƙwan fitila ɗaya a ce an yi gyara. A ƙasar Holand, inda shirin Energiesprong ya fara aiki gadan-gadan a shekarar 2013, manufar ita ce hana ɗumi fita daga ɗaki lokacin sanyi. Amma a Jamhuriyar Benin, a Zangon Kwatano da unguwannin Seme-Kpodji, waɗanda ke kan hanyar Porto-Novo da iyakar Najeriya, matsalar a juye take, domin zafi ake so a hana shiga, a kuma bai wa iskar teku hanya.

Yawancin gidajen Zango bulo ne na siminti da rufin kwano, ɗakuna a jere suna fuskantar tsakar gida, kowanne da ƙofa ɗaya da 'yar taga a gefenta. Da rana kwanon yana gasuwa ya turo zafi ƙasa, bangon kuma ya sha rana ya riƙa fitar da ita bayan isha'i, shi ya sa fanka ke kwana tana juya iskar da ba ta da mafita. Saboda haka daga sama gyaran ke farawa: a shafa wa kwano farin fenti mai mayar da hasken rana, a sa silin tare da barin rata tsakaninsa da kwanon yadda iska mai zafi za ta fice, sannan a huda taga ta biyu a bangon da ke kallon ta farko, a tsawaita bakin rufi domin ya inuwantar da bango.

Akwai masu ganin cewa komawa ga soron ƙasa irin na Kano ko Katsina shi ne magani, sai dai wannan ra'ayi bai kula da bambancin yanayi ba. Kaurin bango yana amfani a Arewa ne domin dare yana yin sanyi sosai, ginin ya huce kafin gari ya waye, alhali a bakin teku ratar zafin rana da na dare kaɗan ce, ga laima mai yawa a cikin iska, don haka ɗakin da iska ke ratsawa ya fi ɗakin da aka toshe, kome kaurinsa.

Alaƙar wannan gyara da hayaƙin da ke ɗumama duniya tana ga inda wutar ke fitowa. Jamhuriyar Benin ta daɗe tana sayen lantarki daga Najeriya da Gana, kuma tashar Maria-Gléta mai megawat 127, wadda aka buɗe a 2019, gas da mai take ƙonawa, yayin da tashar hasken rana ta Illoulofin ta fara da megawat 25 a 2022. Duk tsohon firij ko na'urar sanyaya ɗaki na hannu da aka sauko da su daga tashar jiragen ruwa, ƙarin nauyi ne a kan layin kamfanin lantarki na SBEE, kuma idan aka sa na'urar a ƙarƙashin kwanon da ba shi da silin, rabin aikinta faɗa ne da rufin. Gawayin girki, wanda ake jigilarsa buhu-buhu daga dazuzzukan tsakiyar ƙasar, shi ma babban kaso ne na hayaƙin, kuma murhu mai tsimin gawayi ko tukunyar gas na rage shi nan take.

Cikas mafi girma ba na fasaha ba ne. Da yawa daga mazauna Zango 'yan haya ne, su ke sayen katin mita, su ke kwana cikin gumi, amma kwano da bango na mai gida ne, wanda bai ga abin da zai ƙaru da shi ba idan ya kashe kuɗi a kan silin, ɗan haya kuwa ba zai zuba jarinsa a ɗakin da za a iya tashinsa daga ciki a ƙarshen shekara ba. Inda abin ke yiwuwa shi ne lokacin da gishirin iskar teku ya cinye kwano har sauya shi ya zama dole, domin a nan kafinta ya riga ya hau, kuɗin fenti da silin kuma ƙari ne kawai a kan aikin da ba makawa sai an yi.