Garkuwar lagireto da fanka: yadda ake hana babur ɗin daji tafasa

Masu bibiyar bidiyon gasar Erzbergrodeo ta Austriya ko Romaniacs ta Romaniya a YouTube da TikTok sun saba ganin babur ya maƙale tsakanin duwatsu, inji na ta kuka, can sai farin tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin tanki. Ruwan lagireto ne ya tafasa. Idan mahayin ya nace da murza wuta a haka, gasket ɗin kan silinda na iya ƙonewa ko fistin ya kame, tafiya ta ƙare a inda ko mota ba ta shiga.

Baburan da aka saba gani a titunan Kano ko Maraɗi, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, ba su da wannan matsalar domin ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya injinsu kai tsaye. Baburan daji na zamani kuwa, irin su KTM EXC, Husqvarna TE, Beta RR, Yamaha YZ da Honda CRF450R, ruwa ne ke zagaya injinsu. Famfo yana tura ruwan zuwa ƙananan lagireto guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a bayan robobin da suka rufe gefen tanki. Iskar da ke ratsa siraran fikafikan alminiyam ita ke kwashe zafin. Muddin babur na gudu, lafiya lau. Da zarar an shiga hawan dutse ko yashi mai zurfi a giya ta ɗaya, ana ta wasa da kulochi, inji yana haifar da zafi mai yawa amma iska ba ta shigowa. Wayar salula idan ta yi zafi takan rage ƙarfin aikinta da kanta. Injin babur mai kafireto bai san wannan dabarar ba.

Abin da ke jinkirta tafasar shi ne murfin lagireto, wanda ke riƙe matsi a ciki. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a buɗe, amma a ƙarƙashin murfi mai bar 1.1, irin wanda ke kan baburan Japan da dama, sai ya kai kusan digiri 120. Murfi mai bar 1.8 da KTM ta yi amfani da shi a samfuranta da yawa yana kai shi wajen 130. Idan aka wuce nan, murfin ya saki, ruwa ya fara tsiyaya ta ɗan tiyon da ke gefe. Ruwan da ya rage kuma ya fi saurin ɗaukar zafi, lamarin ya ƙara taɓarɓarewa.

Garkuwa ba ta sanyaya komai

Wannan ne abin da sababbin mahaya ke yawan ruɗewa a kai. Aikin garkuwa kare lagireto daga bugu ne. Lagireton babur ɗin daji ba shi da kauri, faɗuwa ɗaya a gefe na iya lanƙwasa shi ya koma kamar ayaba, reshen itace kuma na iya huda shi daga gaba. Akwai garkuwa iri biyu. Ta farko firam ce ta alminiyam da ke zagaye lagireton tana tallafe shi daga gefe, a bar robobin gaba na asali yadda suke. Ta biyu tana rufe har gaban da faranti mai ramuka, ta maye gurbin robobin.

Waɗannan robobi masu layi-layi ba ado ba ne. Suna karkatar da iska zuwa cikin lagireto, suna kuma tare taɓo. Faranti mai ƙananan ramuka ya fi su ƙarfi, amma yana iya rage iska, kuma laka na saurin toshe shi. Shi ya sa wanda ya sa cikakkiyar garkuwa yakan ga babur ɗinsa ya ƙara zafi, daga nan maganar fanka ta taso. A wurin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kamar Sakkwato ko Agadas, firam ɗin gefe da robobin asali sun fi dacewa, sai dai idan hanyar cike take da rassa.

Ɗaura ta ba wuya. A cire kujera da robobin gefe, a kwance notukan da ke riƙe lagireton, a zura garkuwar, a mayar da dogayen notukan da suka zo da ita. Kada a yar da ƙananan robobin da ke cikin ramukan notin, su ne ke shanye girgiza. Babu su, waldar lagireton takan tsage a hankali. Noti mai girman M6 yawanci kusan Nm 10 yake buƙata, ba a taka masa sifana. Bayan an gama, a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe a tabbatar ba ya gogar garkuwar.

Fanka da lissafin wuta

Fankar da aka fi amfani da ita mai faɗin inci 4 ce, kamar ta kamfanin SPAL na Italiya, kuma kamfanoni irin su Trail Tech na sayar da ita haɗe da maƙala da sensa. Tana zama a bayan lagireto ɗaya, galibi na dama a baburan KTM da danginsu, tana zuƙo iska daga gaba zuwa baya. Kafin a biya kuɗi, a tabbatar garkuwar da fankar za su zauna tare, domin sau da yawa rami ɗaya suke nema, wata garkuwar ma ba ta bar wa fanka wuri ba sam.

Inda aikin yake da sarƙaƙiya shi ne wuta. Irin wannan fankar tana jan amfiya 2 zuwa 3 a kan bolt 12, wato wajen watt 30, kwatankwacin cajar waya mai saurin caji. Ba yawa a ido, amma koyil ɗin babur yana bayar da mafi ƙarancin wutarsa ne lokacin da inji ke juyawa a hankali, daidai lokacin da fanka ke aiki. Idan fitilar gaba na kunne, ga majingina wayar da ake caji a kan babur, batir zai riƙa raguwa ba a sani ba, har sitata ta ƙi tashi a tsakiyar daji. Baburan tseren fili da ba su da batir kuwa sai an fara samar musu da wutar DC, ta hanyar ƙara rektifaya da batir, wani lokacin har da sauya koyil. Baburan enduro da dama masu injekta sun zo da soket ɗin fanka a jikin wayoyinsu, sai dai a jona kawai.

Inda babu soket, ana ɗauko wuta daga batir, a sa fis a kan jar waya kusa da batir ɗin. Fis ɗin ba abin wasa ba ne: waya ta goge ta taɓa firam a ƙarƙashin tankin mai, gobara ce. A bi da wayoyin ta jikin firam a ɗaure su, nesa da salansa. Fankar da aka jona kai tsaye za ta ci gaba da juyawa bayan an kashe inji har lagireton ya huce, abin da ke gajiyar da ƙaramin batir idan ana yawan tsayawa.

Sensa ce ke kunna fankar idan zafi ya kai wani mataki, yawanci tsakanin digiri 85 da 95. Akwai wadda ake soka wa tsakanin fikafikan lagireto, ba sai an zubar da ruwa ba, amma girgiza na iya fizge ta. Akwai wadda ake yanka tiyo a sa a tsakiya, ta fi ba da zafin gaskiya domin ruwan take taɓawa. Wannan sai inji ya huce sarai, a juye ruwan a mazubi, a nesanta shi da yara da dabbobi saboda guba ne, sannan a sake cikawa a fitar da iskar da ta maƙale. Wasu na sa makunni na hannu kawai, sai dai mahayin da ke fama da dutse ba ya tuna makunni.

Gwajin ƙarshe ba ya buƙatar wata na'ura. A tayar da babur a tsaye har fankar ta kama, a kara takarda a gaban lagireton. Idan ta manne, iska na tafiya daidai. Idan fankar na ture ta, an juya wayoyin biyu, kuma a kan hanya za ta riƙa kokawa da iskar da ke shigowa. Fanka ba ta gyara lagireton da laka ta toshe ko murfin da ya gaji, don haka bayan kowace fita a wanke fikafikan daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, domin injin wanki mai matsi yana kwantar da su.