Rumbun Bayanai na Kwaikwayo: Sauƙinsa da Tarkonsa ga Masu Haɗa Manhaja

Duk manhajar da ke riƙe sunan mutum, ko kuɗinsa, ko lissafin kayan da ya saya, tana da rumbun bayanai a bayanta. Da yawa daga rumbunan nan a yau suna kan manyan kwamfutocin Google da Amazon da Microsoft ne, haya ake biya, kuma galibi a dala. Firestore na Google, alal misali, ƙirge yake yi: duk bayanin da aka karanta ko aka rubuta yana shiga lissafi. A tsarin kyauta ana ba mutum damar karantawa sau 50,000 da rubutawa sau 20,000 a rana. Adadin kamar mai yawa, amma kuskure guda da zai sa manhaja ta yi ta maimaita tambaya ba tsayawa ya isa ya cinye shi tas cikin ɗan lokaci.

Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanonin suka fito da makwaikwayi, wato ƙaramar manhaja da mutum zai ɗora a kan kwamfutarsa, ta riƙa amsa tambayoyi kamar yadda rumbun gaske ke amsawa. Amazon ta saki DynamoDB Local a 2013, shekara guda bayan fitowar DynamoDB kansa. Microsoft na da na Cosmos DB, da kuma wani mai suna Azurite. Google ta haɗa nata a cikin kayan aikin Firebase.

Aikin ba wuya. Mai haɗa manhaja zai tabbatar akwai Java a kwamfutarsa, ya buga umarni layi ɗaya, sai Firestore na kwaikwayo ya tashi a ƙofa ta 8080. A ƙofa ta 4000 kuma akwai shafin da zai buɗe ya ga bayanan da idonsa, ya gyara, ya goge. Zai iya ƙirƙiro kwastomomin ƙarya dubu, ya ci musu bashin ƙarya, ya share su, ya sake. Da ya kashe makwaikwayin komai ya tafi, sai dai in ya nemi a ajiye masa. Mantuwar nan alheri ce, domin kowane gwaji yana farawa daga fili fes, ba ragowar na jiya da za ta rikita sakamako. Ga wanda ke aiki a Kano ko Maraɗi kuwa akwai ƙarin riba: da zarar an sauke kayan sau ɗaya, ko netwok ya ɗauke aiki na tafiya, ba a ƙona data, ba a jiran takardar biya a dala.

Sai dai makwaikwayi malami ne mai sassauci, kuma nan ne mutane ke faɗawa. Kamar koyon mota ne a filin Idi: sitiyari da birki na gaske ne, amma ba cunkoso, ba ɗan sanda. Firestore na gaske ba ya amsa wasu tambayoyi masu haɗa sharuɗɗa da yawa sai an riga an gina musu fihirisa. A ce kana son odar da ba a biya ba, a jere daga sabuwa zuwa tsohuwa. Makwaikwayin zai kawo maka amsa nan take ba tare da ya duba fihirisa ba. Ranar da aka ɗora manhajar ga jama'a, tambayar nan dai za ta dawo da saƙon kuskure, allon kwastoma ya tsaya fari fat. DynamoDB Local ma haka: ba ya tantance makullin shiga da aka ba shi, ba ya kuma kula da iyakar saurin karatu da rubutu da aka sa wa tebur. Manhajar da za a taka wa birki a rumbun gaske, a nan gudu kawai take yi.

Akwai wani tarko da ya fi wannan muni. Manhajar da ke aiki a kan saba tana sanin ta nufi makwaikwayi ne ta wani saiti mai suna FIRESTORE_EMULATOR_HOST. In an manta ba a sa shi ba, alhali makullin aikin gaske na kan kwamfutar, gwajin da aka rubuta don share kwastomomin ƙarya zai miƙe ya share na gaske. Google ta tanadi kariya: duk aikin da sunansa ya fara da demo- ba shi da rumbun gaske a bayansa, don haka tambayar da ta ɓace hanya faɗuwa za ta yi, ba ɓarna. A ganina duk wanda ya tsallake wannan ganganci ya yi.

Haka nan ɗabi'ar kwafo bayanan mutane na ainihi a zuba a laftof don gwaji ya yi kama da gaske, ita ma ganganci ce. Laftof ana sace shi, ana kai shi gyara. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma lambar wayar kwastoma amana ce ko a ina aka ajiye ta. Sunayen ƙarya sun wadatar.

Don haka aikin yau da kullum a yi shi a makwaikwayi. Amma kafin manhaja ta isa hannun jama'a, a buɗe wani aiki na daban a rumbun gaske, wanda ba kwastoma ko ɗaya a cikinsa, a sake bin kowace tambaya a can. Kuɗin wannan gwaji kaɗan ne, sau da yawa ma bai wuce abin da ake bayarwa kyauta ba.