Masu Numfashi da Tsatsa a Gonakin Kura

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ke gangarowa ta kanal zuwa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure. Manomi ya buɗe ruwa, fangali ya cika, ya dasa shinkafarsa ya kama hanyar gida. Can cikin taɓo kuwa, lokacin ne rikici ke farawa.

Iskar oksijin ba ta saurin tafiya a ruwa. Saurinta a sarari ya ninka na cikin ruwa kusan sau 10,000. Kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin bakteriya sun shanye ɗan abin da ya rage a ƙasa. Sai mutuwa ke nan? Ina! Da yawansu sauya abin numfashi kawai suke yi.

Naitiret suke fara dira a kai, kuma a nan aljihun manomi ke jin jiki. Yuriyar da aka watsa a kan ruwa, wani kasonta yakan zama naitiret a siririn saman taɓo inda iska ke ɗan taɓawa. Da ya nutse ƙasa, sai su mayar da shi iskar naitirojin, ya tashi sama. An sayi buhu da tsada, an ciyar da wanda ba a gayyata ba. Shi ya sa malaman gona ke nacin a cusa dunƙulen yuriya cikin taɓo, inda ba iskar da za ta sauya ta.

In naitiret ya ƙare, sai manganis, sai kuma tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa. Haƙa ka gani: ƙasar da ka sani ja-ja ta koma toka-toka. Tumɓuke shinkafa ɗaya kuma, za ka tarar saiwarta da jan tsatsa, domin ita tana da 'yan kafofi a jikinta da take tura iska har ƙasa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da kan taso wani lokaci aikin masu numfashi da salfet ne.

Na ƙarshe a layi ma ba bakteriya ba ne, wasu halittu ne daban da ake kira arkiya, masu fitar da iskar misen. Kumfar da ke ɓulɓulowa in ka taka fangali tana ɗauke da ita. A 1776 Alessandro Volta ya dama taɓon tafkin Maggiore na Italiya da sanda, ya tara irin wannan kumfa a kwalba, ya kusanta mata wuta, ta kama.