Ƴar batta a ƙirjin mai sankara

Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon sankara wajen ƙarin ruwan da ake kira shimiyo ya san wahalar neman jijiya. A karo na farko malamin asibiti kan soka allura sau ɗaya ya samu. Kafin a kai na huɗu jijiyoyin hannu sun ƙone, sun yi tauri kamar tsirkiya, sai a yi ta suka daga gwiwar hannu har bayan tafi. Laifin ba na malamin ba ne, magungunan ne ke da zafi. Akwai wani ja, doxorubicine, wanda ake yawan ba mata masu sankarar mama: in ya kuɓuce daga jijiya ya shiga tsoka, yana iya cin wurin har ya bar gyambon da sai an yi aiki kansa.

Don kauce wa wannan ne lokotoro ke shawartar a dasa wa majinyaci abin da ake kira chambre implantable da Faransanci, wasu kuma su ce Port-a-Cath. Ƴar batta ce ta ƙarfen titaniyom ko ta roba, faɗinta bai ɗara na tsabar dala ashirin da yawa ba, murfinta na roba mai taushi. Ana tsaga fata ƙasa da ƙashin wuya a ajiye ta, a haɗa ta da siririn tiyo wanda ke bin jijiyar wuya har ya kai babbar jijiyar da ke zuba cikin zuciya. Can jini na da yawa, yana gudu, nan take yake tsarma magani. A Amurka aka fara bayyana dabarar, cikin 1982.

Aikin dasawa ba ya cika wuce awa ɗaya. Galibi wurin kaɗai ake kashewa, a ɗauki hoton ƙirji a tabbatar da inda bakin tiyon ya tsaya. Mai sankarar mama, ana sa mata a gefen da ke lafiya. In ɗinki ya warke, ɗan tudu kawai ake ji ƙarƙashin fata. Mutum na wankansa, yana alwalarsa, yana zuwa kasuwa ko biro.

Sai dai ga mu ƴan Nijar maganar ba ta ƙare a nan ba. Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa tana Yamai, inda aka fara gashin sankara da na'ura cikin 2021. Ma'aikacin da aka fitar waje neman magani, ko ɗan kasuwar da ya kai matarsa da kuɗin aljihunsa, Tunis ko Kazabalanka ko Faransa sukan nufa. Can ake dasa battar, amma gida ake komowa da ita, kuma daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kilomita wajen 900 ce.

To battar nan ba kowace allura take karɓa ba. Tana da tata, allurar Huber, mai lanƙwasasshen baki wanda ke ratsa murfin ba tare da ya yanko shi ba. Allurar yau da kullum tana gutsure robar kaɗan-kaɗan har batta ta fara yoyo, maganin da aka guje wa a hannu ya zuba cikin ƙirji. Haka sirinji: wanda bai kai mililita 10 ba yana turawa da ƙarfin da zai iya fasa tiyon. Malamin kirki, mai kyakkyawar niyya, wanda bai taɓa ganin abin ba, yana iya ɓata shi da suka ɗaya.

Babban haɗari kuwa shi ne ƙwayar cuta. Hanyar da ke kai magani zuciya ita ce ke kai datti. Shi ya sa mai sa allura ke wanke hannu, ya sa safar hannu da takunkumi, ya goge fata da maganin kashe ƙwayoyi, kuma ba a barin allura ɗaya ta wuce mako. A lokacin zafi, gumi na saurin ɗaye filasta, sai an riƙa dubawa. Zazzaɓi mai kai 38, ko rawar ɗari jim kaɗan bayan an yi amfani da battar, ko ja da ruwa a wurin, ko kumburin hannu da wuya a gefen da take, duk na zuwa asibiti ne a ranar. A ƙasar da kowane zazzaɓi sunansa masassarar cizon sauro, nan ake yin asarar kwanaki: a sayi ƙwaya a bakin titi, a jira, alhali shimiyo ta riga ta raunana garkuwar jiki.

Iyalin da za su komo gida da majinyaci, gara tun kafin su baro asibitin da aka yi aikin su karɓi katin da ke ɗauke da sunan battar da ranar da aka sa ta, su sayi allurar Huber da za ta ishe su, su kuma tambayi lokotoro wa zai riƙa kula da ita a Maraɗi ko Tawa, da ranar da za a cire ta in magani ya ƙare.