Ƙwayar Cutar da Ke Ƙirga Kanta Kafin Ta Kai Hari

Duk ma'aikacin jinyar da ya daɗe a ɗakin masu ƙuna ya san alamar. Ana warware bandeji sai a ga mugunya ta rine shi kore mai ratsin shuɗi, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi da hanci ba ya mantawa. A 1882 wani mai haɗa magunguna ɗan Faransa, Carle Gessard, ya bi diddigin wannan launi har ya ware ƙwayar bakteriyar da ke samar da shi. Ita ce yau ake kira Pseudomonas aeruginosa.

Ga mai cikakkiyar lafiya, wannan ƙwaya ba abin tsoro ba ce. Tana zaune a ƙasa mai danshi, a magudanar ruwa, a bakin famfo, kuma muna cuɗanya da ita ba tare da mun sani ba. Dama take jira: fatar da wuta ta ɗaye, robar fitsari da ta kwana biyu a jiki, na'urar numfashi, ko majinyacin da maganin ciwon daji ya karya wa garkuwar jiki. Abin mamakin shi ne, ƙwayar da ke kwance a famfo da wadda ke hallaka majinyaci ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne. Babban bambancin shi ne waɗanne aka kunna, waɗanne aka kashe, kuma a wane lokaci.

A shekarar 2000 aka kammala karanta dukkan bayanan gadon wani nau'inta mai suna PAO1, wanda aka samo daga raunin wani majinyaci a Melbon ta Ostareliya. An ƙirga ƙwayoyin gado 5,570, kuma kusan ɗaya cikin goma aikinsu kawai ba sauran umarni. Ka ƙaddara ma'aikata ce da kowane mutum tara ke da nasu shugaban. Wannan yawan masu ba da umarni shi ya ba ta damar rayuwa a ruwa, a jikin tsiro, da cikin huhun ɗan Adam.

Mafi ban sha'awa a cikin umarnin nan shi ne na ƙirga kai. Tun a 1970 masu bincike a Amurka suka lura cewa wata bakteriyar teku ba ta ba da haske sai ta taru da yawa. A 1991 Barbara Iglewski da abokin aikinta suka gano ƙwayar gado mai suna lasR a jikin Pseudomonas, sannan a 1994 aka raɗa wa al'amarin suna da aka aro daga majalisa, inda ba a fara zama sai adadin mambobi ya cika.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙwaya tana fitar da wani ɗan sinadari zuwa waje, ba dare ba rana. Idan ƙwayoyin kaɗan ne, sinadarin watsewa yake yi. Idan suka yi yawa a wuri guda, sai ya taru, ya koma cikin jikinsu, ya manne wa furotin LasR, wanda ƙwayar gadon lasR ke samarwa. Shi kuma da zarar an manne masa sai ya hau kan zaren gado ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado, ciki har da wadda ke ƙera sinadarin kansa, don haka kiran sai ya yi ta ƙara ƙarfi kamar gangamin da kowa ya ji sai ya ɗauki tasa gangar. Daga nan wannan tsari ya tayar da na biyu, Rhl, akwai kuma na uku, PQS, da aka gano a 1999. A lokaci guda sai makamai su fito: elastes mai narkar da tsokar huhu da jijiyoyin jini, gubar sayanayid, da fayosayanin, wato launin nan da ya ja hankalin Gessard. Koren bandeji, ke nan, shaida ce cewa majalisa ta riga ta zauna.

Me ya sa take jira? Ƙera guba na cin ƙarfi, kuma gubar ƙwaya goma ba ta da wani tasiri illa ta farkar da garkuwar jiki. Ba ƙirga kai kaɗai take yi ba, tana kuma sansanar inda take. Jikin mutum yana ɓoye sinadarin ƙarfe daga ƙwayoyin cuta. Ita kuwa ƙarancin ƙarfen shi ke kunna mata wata guba mai suna ekzotoksin A. Dabarar da jiki ya yi don ya sa ta yunwa ita ce ke sanar da ita cewa ta shigo gida.

A huhun masu sistik faiburosis, cutar gado da ta fi yawa a tsakanin Turawa, labarin ya ɗan juya. Bayan shekaru, ƙwayar gado mai suna mucA takan lalace, sai bakteriyar ta lulluɓe kanta da majina mai kauri da magani ke wahalar ratsawa. Sau da yawa lasR ma takan mutu. Irin waɗannan ƙwayoyin cuta sun daina jin kira, ba sa ƙera makaman nan, amma suna cin abincin da 'yan'uwansu suka narkar. Cima-zaune ne, kuma saboda ba sa kashe ƙarfi sukan fi saurin hayayyafa.

A ganina, a nan ne fatan sabon magani yake. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'in Pseudomonas mai bijire wa magungunan kabafenem a sahun farko na ƙwayoyin da ake neman sabon magani a kansu. Maimakon a kashe ta, wanda ke barin masu taurin kai su gaje wurin, wasu na neman toshe mata kunne ne. Maganin azitromaisin ba ya kashe ta, amma yana dakushe wannan kira. Masu bincike a Denmak sun nuna cewa ajowin, wani sinadari na tafarnuwa, yana yin haka a ɗakin gwaji. Kada mai karatu ya ruga kasuwa: ƙaramin gwajin da aka yi da ƙwayoyin tafarnuwa a kan majinyata a Ingila bai nuna wani sauƙi da za a dogara da shi ba, kuma har yau ba a amince da wani magani da aka ƙera musamman don katse wannan kira ba.