Mawaƙi a Tsakiyar Sarakuna: Daga Karlsbad Zuwa Fadar Isa



Lokacin da nake karatu a Turai, wani malamina ya ba ni labarin Goethe, babban mawaƙin Jamus, wanda ya rayu daga 1749 zuwa 1832. Shi wannan bawan Allah, in bazarar Turai ta kama, yakan tafi Karlsbad, garin da ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wanda yau ake kira Karlovy Vary a ƙasar Cek. Ya fara zuwa a 1785. Sunan tafiyar dai neman lafiya, amma can ne 'ya'yan sarauta da matan sarakuna ke taruwa, a sha ruwan da safe, a yi fira da maraice. A 1810 har waƙoƙi ya tsara don tarbar Maria Ludovika, matar Sarkin Ostiriya. Beethoven, wanda suka haɗu da shi a Teplitz a 1812, ya rubuta wa wani cewa Goethe ya cika son iskar fada fiye da yadda ya dace da mawaƙi.

Ina jin wannan labari sai hankalina ya koma gida. Ni mutumin Tozai ne, kuma ba wanda zai tashi a ƙasar Isa bai sha jin Ibrahim Narambaɗa na Tubali ba, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, Amadu. A lura, na ce na Isa, domin akwai wani Sarkin Gobir a Sabon Birni, na gidan Gobirawa na asali, waɗanda aka ci birninsu Alƙalawa a 1808.

To, mene ne matsayin Narambaɗa a fada? A nan ne kwatancin ya rabu. Goethe ya zo Weimar a 1775 bisa gayyatar Karl August, ya riƙe muƙamin majalisa, a 1782 kuma aka shigar da shi sahun masu sarauta. Saboda haka in ya zauna cin abinci da su a Karlsbad, a matsayin ɗayansu yake zama, ko da yake ba a cikinsu aka haife shi ba. Makaɗin fada kuwa a ƙasar Hausa yana cikin fada, amma ba ya zama ɗan fada irin waziri ko alƙali. Sarki ya ba shi doki, ya ba shi riga da rawani, ya ciyar da iyalinsa da 'yan amshinsa, ranar salla da ranar naɗin sarauta ba a yi sai da shi, amma duk da haka maroƙi ake kiransa, kuma in zai waƙe wani basarake, al'ada ta ce sai ubangidansa ya yarda.

Sai dai kada a ɗauka mai rauni ne. Yana riƙe da zambo, wato makamin da babu wani bafade da ke da irinsa. Ɗan sarkin da ke hararar gadon sarauta, ko hakimin da ke ja da ubangida, duk suna tsoron a siffanta su cikin waƙa, don ba a kama suna, amma kowa a kasuwar Shinkafi ya san da wa ake. Ga shi kuma a cikin Bakandamiya Narambaɗa ya ɗauki wuri babba yana yabon kansa da gwanintarsa, a gaban sarkin da ya zo yabo. A ganina wannan ba ƙaramar magana ba ce: mutum ne da ya san cewa ubangida na bukatarsa kamar yadda shi yake bukatar ubangida.

Goethe ya taɓa gajiya da hidimar fada, har ya sulale daga Karlsbad da asuba ranar 3 ga Satumba, 1786, ya nufi Italiya, bai komo Weimar ba sai 1788, albashinsa kuma bai tsaya ba. Narambaɗa kuwa ya rasu a farkon shekarun 1960, kuma har yau ba a ambaton sunansa sai an haɗa da Isa.